Kano zuwa Yamai: na'ura a gilashi, taswira a cinya

Shekaranjiya muka dawo daga Yamai, mu uku a mota ɗaya, kuma tun a hanya nake son rubuta abin da na gani game da na'urar nuna hanya kafin ya dushe mini. Mun tafi da wayoyi biyu masu GPS, da tsohuwar taswirar Michelin mai lamba 741, wadda ta haɗa arewaci da yammacin Afirka a falle ɗaya. Tafiyar tsakiyar damina ce, kuma wannan ya shafi kusan duk abin da ya biyo baya.

Tun a Kano na'urar ta zaɓa mana Katsina, Jibiya, Maraɗi, don ita ce gajeriya. Mu kuwa muna da saƙo a Matamaye, direbobin tasha ma suka ce ta Daura hankali ya fi kwanciya. Ga iyakar saninta ke nan tun ba a je ko'ina ba: tana lissafin tsawo da gudu, amma ba ta san hanyar da mutane suka daina bi bayan la'asar ba. Muka bi Kazaure, Daura, Kwangwalam, muka tsallaka Ɗan Barto.

Ba mu yi nisa da iyaka ba layin Najeriya ya ɗauke. Waya ɗaya ta koma fili fari fat da ɗigo shuɗi a tsakiya, ɗayar ta ci gaba da aiki kamar ba abin da ya faru. A nan mutane da yawa suke ruɗewa. GPS ba ya buƙatar data ko sabis. Saƙo yake karɓa daga taurarin ɗan'adam da ke shawagi a nisan kimanin kilomita 20,200, kuma da zarar wayar ta kama huɗu daga cikinsu za ta iya lissafa inda take. Yawancin wayoyin yanzu ma suna haɗawa da GLONASS na Rasha, da Galileo na Turai, da BeiDou na Sin. Abin da ke cin data shi ne zanen taswirar da ɗigon yake tafiya a kai. Wayar da ta ci gaba da aiki, an sauke mata taswirar Nijar tun a gida. Ko da manhaja irin OsmAnd ko Organic Maps, masu amfani da taswirar OpenStreetMap, ko ta ajiye yanki a Google Maps, a yi wannan kafin a tashi, sannan a kashe data a gwada neman gari ɗaya a ga ko zai fito. Idan kuma wayar ta daɗe ba ta kama taurari ba, ga shi babu sabis, tana iya ɗaukar 'yan mintoci kafin ɗigon ya tsaya wuri ɗaya. A fito da ita sarari a jira, ba lalacewa ta yi ba.

Matsala ta biyu ta fi ba ni mamaki, ita ce ta rubutun suna. Ƙasar Hausa muke ciki, kowa Hausa yake yi, amma na'urar da rubutun Faransanci ta san garuruwan. Ka rubuta Tasawa, sai ta yi ta lalube. Tessaoua take so. Gidan Rumji shi ne Guidan Roumdji, Madawa Madaoua, Dogon Dutsi Dogondoutchi, Damagaram kuma Zinder. Dokar ba wuya: inda muke sa "u" ko "w" su "ou" suke sawa, "c" ɗinmu kuma "tch" ne a wurinsu. Taswirar takarda ma rubutun nan ne a kanta, sai dai ido yana gane gari daga wurin da yake zaune ko da haruffan sun bambanta. Akwatin bincike ba ya yin wannan uzuri. Ga kuma sunaye masu maimaituwa, Sabon Gari da Tudun Wada da Gidan wane, waɗanda in ba ka duba jihar da ke ƙarƙashin sunan ba sai ta kai ka wani daban.

Bayan garin Kance ne muka gamu da babbar matsalar. Kwalta tana zuwa Takeita ne ta haɗu da babbar hanya mai lamba 1, daga nan a juya yamma. Na'urar ta ce mu yanke hagu, za mu rage tafiya. Laifin saitin ne: an bar ta a kan "mafi gajarta" maimakon "mafi sauri", ba a kuma kunna zaɓin guje wa hanyar da ba kwalta ba. A fuskar waya layin burji da layin kwalta kusan kamanninsu ɗaya, musamman da rana ta haske gilashin. A takarda kuwa babbar hanya ja ce mai kauri, wannan yanken ma ko alamarsa babu. Da mun buɗe ta a lokacin da ba mu shiga ba.

Jan burji ya kai mu 'yan kilomitoci, ya koma rairayi, rairayin ya kai mu bakin ƙorama da ruwan daren jiya ya bi. Ƙafafun gaba suka nutse. Abin yi a irin wannan wuri sananne ne, amma gaggawa tana sa a manta. Kada a ci gaba da taka totur, rami kawai taya take ƙara tonawa. A rage iskar tayoyi daga wajen 32 zuwa 18 ko 20 don su baje, a share yashin da ke gaban kowace taya da wanda ya tokare cikin motar, a shimfiɗa tabarmin ƙafa ko kara, a tashi a giya ta biyu a hankali. Wanda ba shi da famfon taya a but kada ya fara rage iska, don hawa kwalta da taya a saɓule shi ke fasa ta.

Wani dattijo da ke dawowa daga gona da shanun huɗa biyu shi ya ƙarasa aikin. Ya ɗaura igiya a ƙugiyar ja, ba a bamba ba, ya ce ya ga yadda bamba take ɓallewa. Ja biyu motar ta fito. Muka miƙa masa kuɗi ya ƙi, ya ce, "Alhaji, baƙo ba ya biyan kuɗin ɓata." Ya aika yaro ya kawo fura a ƙwarya. Sannan ya yi mana kwatancen da babu na'urar da za ta yi: wace ƙorama ce ke janyewa bayan sa'o'i kaɗan, wacce ke kwana da ruwa, da inda motocin kasuwa ke ratsawa idan ƙasa ta bushe. A gida, a wasu hanyoyin da na sani, da kafin a taɓa igiya an gama ciniki. Muka koma kwalta, mun yi asarar kusan sa'a uku a kan yanken da aka ce zai rage mana mintoci.

Ba ina cewa takarda ba ta da aibi ba. Ma'aunin 741 ɗaya ne bisa miliyan huɗu, wato santimita ɗaya kilomita 40 ce a ƙasa. Faɗin yatsa ɗaya ya rufe tafiyar sa'a guda, ƙananan ƙauyuka ba su samu shiga ba, hanyar da aka yi bayan an buga ta kuma babu ita. Ba ta kuma gaya maka inda kake. Dabarar ita ce a mayar da ma'aunin tafiya na mota sifiri a kowane babban gari, a riƙa gwada shi da lambobin nisa da ke jikin layin, da duwatsun kilomita na gefen titi. Da wannan muka san inda za mu sha mai tun kafin allura ta sauka.

Lokacin isowa da na'ura ke nunawa kuwa, a ƙara masa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu. Ba ta ƙirga shingaye, da wuraren yankar tikitin hanya, da tudun rage gudu a bakin kowane gari, da ranar kasuwa da amalanke ke cika titi. A wani shinge wani jami'i ya hango wayar manne a gilashi ya ɗauka hoto muke ɗaukarsa. Ya daka mana tsawa, ya karɓe ta, ya tsayar da mu rabin sa'a a rana ba tare da ya ko duba takardunmu ba. Tun daga nan in mun hango shinge sai mu cire ta mu kife. Gilashin ma ba wurinta ba ne da rana: zafi yana sa ta daina caji, fuskar ta dushe. Maƙalin da ake sawa a bakin iskar AC ya fi, da caja mai ba da aƙalla amfiya 2, don taswira a kunne tana shan batir fiye da yadda ƙaramar caja ke zubawa.

Farashi ma sai da lissafi. A kasuwa da dala ake ƙirga, dala ɗaya sefa 5, saboda haka in mai kilishi a Madawa ya ce dala ɗari biyu, jaka ɗaya, wato sefa dubu ɗaya, yake nufi. Kilishin ya fi namu kauri, bai kai namu yaji ba. Albasar Galmi kuwa ta cancanci sunan da ta yi, mun cika but da ita a dawowa.

Daga Maraɗi zuwa Ƙonni, Dogon Dutsi da Doso, hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya, ba mu buƙaci na'ura ko taswirar takarda ba. A Yamai ne na'urar ta biya kuɗinta. Mai masaukinmu ya turo wurin da yake ta WhatsApp, ta bi da mu shataletale bayan shataletale cikin dare, ta ajiye mu a ƙofar gidan, ba mu tambayi kowa ba. A dawowa mun gyara saitin, muka bi kwalta har Takeita.