Kansar maƙoshi: a sa robar abinci kafin a fara gashi

Idan kansar maƙoshi, wato hanyar da abinci ke bi zuwa ciki, ta manne da babbar jijiyar jini ko hanyar numfashi, ko jikin mara lafiya ba zai ɗauki tiyata ba, abin da ya rage shi ne a haɗa kemo (magungunan kashe ƙwayoyin kansa) da gashi (ƙona kansar da hasken na'ura) lokaci guda. Binciken RTOG 85-01 na Amurka, wanda aka fara wallafawa a 1992, shi ya kafa wannan. Bayan shekara biyar, kashi 26 cikin ɗari na waɗanda aka haɗa wa biyun suna raye, waɗanda aka yi wa gashi kaɗai kuwa babu ko ɗaya. Ma'aunin sananne ne: 50.4 Gy (ma'aunin yawan gashi) a zama 28, Litinin zuwa Juma'a, da magungunan kemo biyu: sisfilatin miligiram 75 ga kowane murabba'in mita na jiki, da 5-FU ta jijiya kwana huɗu babu yankewa, a mako na farko da na biyar. Mai raunin ƙoda a ba shi kabofilatin da faklitaksel kowane mako.

Wannan kowa a sashen kansa na asibiti ya haddace. Abinci ne ake yi wa riƙon sakainar kashi. Mutum ya zo da ƙyar yake haɗiye koko, ya riga ya zubar da kashi goma cikin ɗari na nauyinsa, babban likita ya duba hoto ya ce a fara, roba sai in an ga buƙata. Buƙatar kuwa tana nan tafe. A mako na biyu zuwa na uku maƙoshi zai kumbura, ko yawu ya gagara wucewa. Jiki ya bushe, sisfilatin ya taɓa ƙoda, ƙwayoyin jini su faɗi, a dakatar da gashi. Duk ranar da aka tsallake, ƙarin dama aka ba kansar ta sake yaɗo. Daga baya a rubuta a fayil cewa mara lafiya ne bai jure ba, alhali ma'aikatan jinya sun ce a sa roba tun ranar farko ba a saurare su ba.

A sa roba ta hanci ko ta ciki kafin zama na farko, a auna nauyi kowane mako. Wanda ya daɗe bai ci ba a fara masa kaɗan-kaɗan ana duba sinadaran fosfet da fotasiyam a jininsa, domin cika masa ciki farat ɗaya yana iya rikita bugun zuciya. Bututun ƙarfe na buɗe maƙoshi a guje shi kafin gashi, yana ƙara haɗarin hujewa da zubar jini.

Ƙara ƙarfin gashi ba ya ƙara kwana: a binciken INT 0123 an kai 64.8 Gy ba a ga riba ba. Kansar da ke sama kusa da hanyar numfashi a leƙa hanyar da kyamara tukuna. Wanda ya soma tari da zarar ya kurɓi ruwa, a hana shi komai ta baki, a nemi huji tsakanin hanyar abinci da ta numfashi a ranar.