Sana'ar Tabar Siga: Ajiya, Yanka da Kunnawa

Mai ƙaramin shagon tabar siga (cigar, wato taba mai kauri da ake naɗewa da ganyen taba maimakon takarda) a Najeriya, rabin aikinsa fama da iska ne. Kayanmu daga Kuba, Nikaraguwa da Jamhuriyar Dominika suke zuwa, kuma ganyen yana son danshi kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari, da sanyin digiri 18 zuwa 21. Da hunturu kuwa, danshin iska a Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20. Karan tabar siga ya kwana biyu a fili, sai ganyen waje ya tsattsage. In ya daɗe a bushe, man da ke ɗauke da ƙamshin ya tafi, ko an sake jiƙa shi ba zai dawo yadda yake ba.

Shi ya sa muke ajiye kaya a akwatin katako mai rufewa ruf, da ma'aunin danshi a ciki, da jakunkunan Boveda masu daidaita danshi ko soso mai tataccen ruwa. Ruwan famfo yana kawo fumfuna. Zafin bazara kuma yana ƙyanƙyashe ƙwan ƙwaron taba, ka buɗe akwati ka ga ƙananan huji a jikin kara da gari a ƙasa. Maganinsa a sa kayan a leda mai zif, kwana ɗaya a firij, uku a firiza, a mayar firij kwana ɗaya kafin a fito da su, don kada ganye ya fashe.

Kara mai kyau hawa uku ne: ganyen ciki, wanda ya ɗaure shi, da na waje mai santsi. Wannan na wajen shi ya fi tsada, kuma cikin waɗanda ake ji da su a duniya akwai na gabashin Kamaru, siriri mai ɗan zaƙi, amma saurin tsagewa gare shi. Kafin mu miƙa wa mai saye, mukan matsa kara a hankali daga kai zuwa gindi. Wuri mai tauri alamar toshewa ce, wuri mai lumewa kuma rami ne da zai sa wuta ta karkace. Wanda aka kawo wa Cohiba, shahararriyar tabar siga ta Kuba, a akwati mai murfin gilashi, ya sani jabu ce.

A wajen yanka mutane suka fi ɓata kuɗinsu. Kan da ake sawa a baki yana da ɗan murfin ganye. Milimita biyu kawai ake cirewa, da abin yanka mai kaifi, a sara ɗaya. Ka wuce kafaɗar murfin, ganyen waje zai riƙa warwarewa a bakinka. Bayan an yanka, a zuƙa tun ba a kunna ba. Ya kamata iska ta wuce da ɗan ƙarfi kaɗan, kamar shan kunu mai ruwa-ruwa da tsinke.

Laitar gas ko ashana ake so. Laitar fetur da kyandir suna barin warinsu a ganye. A fara gasa gindin ba tare da harshen wuta ya taɓa shi ba, ana juyawa har gefen ya yi baƙi gaba ɗaya, sannan a sa a baki a zuƙa sau biyu ko uku. A hura gindin a gani ko ja ya kewaye shi. In gefe ɗaya ya tsere wa ɗan'uwansa, a taɓa wanda ya makara da wuta.

Zuƙa ɗaya a minti ta isa. Mai gaggawa yana dafa ganyen ne, ɗaci ya rufe komai. Samfurin kara da ake kira Robusto, mai tsawon inci biyar, kusan awa guda yake ci. Hayaƙin a baki yake tsayawa, ba a kai shi huhu. Toka a bar ta ta kai santimita biyu, domin tana rage zafin wutar. Da ciki wayam kuma ba a sha, don nikotin ɗinta na sa jiri da tashin zuciya.

Wannan rashin haɗiye hayaƙin kada ya yaudari kowa. Tabar siga ma taba ce, tana kama mutum, tana kawo kansar baki da maƙogwaro. Wanda bai taɓa sha ba, ni ba na ba shi shawarar farawa, kuma dokar taba ta Najeriya ta 2015 ta haramta sayar wa ɗan ƙasa da shekara 18.

Idan karan ya rage kamar yatsu uku, ɗanɗano ya fara kaifi, a ajiye shi a mazubin toka ya mutu da kansa. Murtsuke shi yana fasa ganyen, wari ya cika ɗaki.