Duk 1.6 ne, amma ba ɗaya ba ne

In wani ya tambaye ni wane asembula muke aiki da shi, wato manhajar da ke haɗa shirin da aka rubuta ya koma umarnin da injin kwamfuta ke ganewa, na ce masa HLASM 1.6, gaskiya na faɗa, sai dai ban ba shi amsar da zai yi aiki da ita ba. IBM ta fitar da High Level Assembler, wato HLASM, a 1992, ya gaji Assembler H, sigar 1.6 kuma ta fito a 2008. Tun daga nan lambar ba ta motsa ba, alhali IBM ta yi ta fitar da manyan kwamfutocinta, injin z13 a 2015, z14 a 2017, z15 a 2019, z16 a 2022, kowanne da sababbin umarninsa. Ta hanyar faci, wato ɗan gyaran da ake ɗora wa manhaja, ake koya wa asembulan waɗannan umarni, facin da IBM ke kira PTF. Saboda haka mutum biyu za su iya rantsuwa cewa 1.6 suke da shi, kuma tsakanin nasu akwai gyaran shekara goma.

Daga Gombe nake aikin, a ɗakin da na ware a gidanmu da ke Tumfure, ina shiga babbar kwamfutar wani kamfanin inshora na ƙasar waje ta baƙin allon nan na 3270. Rabona shi ne kula da kayan aikin masu rubuta manhaja. Akwai wani matashi da ya gama Jami'ar Jihar Gombe wanda aka ɗauka yana koyon aikin a hannuna, kuma ta dalilinsa ne lamarin ya fito fili.

Ya rubuta ɗan shiri da ya yi amfani da SELR, ɗaya daga umarnin da suka zo da z15. Da ya haɗa shi da nasa JCL, wato rubutun da ke gaya wa injin yadda zai gudanar da aiki, lafiya lau. Da ya bi ta hanyar da kamfani ya amince a bi kafin a kai shiri wurin aiki, sai ga ASMA057E, wai asembula bai san wannan umarni ba. Ya kira ni a waya: "Yaya, na duba lambar sigar da &SYSVER ke nunawa a duka biyun, 1.6.0 yake ba ni. Ko injin ne?" Na ce masa, "Ƙanena, bar injin tukuna. Buɗe shafin farko na rahoton kowanne, ka karanta mini abin da ke saman gefen dama."

A shafin farkon nan, inda asembula ke jera zaɓuɓɓukan da ya yi aiki da su, yana rubuta lambar PTF ɗin da yake kai, haruffa biyu da lambobi biyar. Mutane na wuce shi da gudu don neman kuskurensu a ƙasa. Lambobin biyu da ya karanto sun sha bamban. Kafin in yanke hukunci sai da na sa ya duba OPTABLE, zaɓin da ke faɗin rukunin umarnin da asembula zai karɓa, a wannan shafi, domin ko asembulan sabo ne fil, in an ɗaure shi a ZS8, wato umarnin z14, haka zai ƙi SELR. Ba nan matsalar take ba.

Na tambayi SMP/E, wanda shi ne kundin da ke riƙe da tarihin duk facin da aka karɓa, aka ɗora, aka tabbatar. Ƙarƙashin HMQ4160, lambar da ake gane HLASM 1.6 da ita, ya nuna an ɗora facin z15 tun tuni. Kuma bai yi ƙarya ba. Abin da SMP/E ya sani shi ne ma'ajiyar da shi ya zuba wa kaya. Bai san cewa a cikin tsarin haɗa shirin akwai layin STEPLIB guda, layin da ke faɗa wa injin inda zai ɗauko manhaja, da ke nuna wani kwafin SASMMOD1, ma'ajiyar asembulan, da wani ma'aikaci ya yi shekarun baya, ya kuma bar kamfanin ba. Injin yana fara leƙa STEPLIB kafin ma'ajiyun kowa da kowa, don haka tsohon ASMA90, wato asembulan kansa, shi ne ke ta haɗa shirye-shiryen da ke lissafa kuɗin mutane, babu wanda ya sani.

Na fahimci dalilin mutumin. Yana so ne kada wani faci ya sauya masa sakamako ba shiri, kuma wannan tunani ne mai kyau. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a daskarar da abu a kuma bar shi ba rubutu, ba rana, ba mai kula. Mu ma sa'a muka yi da kuskuren ya yi ihu. Facin asembula ba sabon umarni kaɗai yake kawowa ba, yana gyara kurakuran asembulan kansa, kuma irin waɗannan ba sa buga ƙararrawa.

Daga nan na ɗauki wata ɗabi'a mai sauƙi. Na rubuta shirin da babu komai cikinsa sai layin buɗewa CSECT da na rufewa END, ina haɗa shi da zaɓin INFO, wanda ke sa asembula ya jero gyare-gyaren da ke jikinsa da bakinsa. Ina bi da shi ta kowace hanyar da masu rubuta manhaja ke bi, ba tawa kaɗai ba, in adana sakamakon da kwanan wata, in kwatanta da na baya da SuperC, manhajar kwatanta rubutu biyu, sannan in auna da abin da SMP/E ya ce. Nakan yi haka bayan kowane ɗora faci, wanda galibi yake faɗawa daren Asabar, ina zaune batirin sola na riƙe da ni. A irin wannan dare ne za ka ga amfanin tabbatar da an sabunta LLA, jerin da injin ke riƙewa na inda kowace manhaja take, in ba haka ba facin yana kan faifai amma injin na iya ci gaba da ɗauko tsohon.

Adana rahoton yana da wani amfani da ya fi wannan. Ranar da aka zo da shirin da aka haɗa shekaru biyar baya ana tambayar da me aka haɗa shi, AMBLIST, manhajar da ke leƙa cikin shirin da aka haɗa, zai nuna maka lambar asembulan, 5696-234, da siga 01.06, da ranar da aka yi. Matakin faci ba ya ciki. Sai ka ɗauki ranar ka koma littafinka, in kana da shi.

Kayan Toolkit, ƙarin kayan aikin da ke rakiyar asembulan, sun fi ba ni wahala. Lambarsu daban ce a SMP/E, JMQ416A, facinsu ma daban, kuma INFO ba ya magana a kansu. Mafi yaɗuwa a ciki shi ne ASMMSP, mai ɗauke da makro, wato gajerun umarnin da asembula ke faɗaɗawa, irin su IF da ELSE da DO da sauransu, kuma da yake rubutu ne kawai, kowa na iya kwafe shi zuwa ma'ajiyarsa. Na tarar da kwafe-kwafe, wani ma an taɓa cikinsa. Abin da ya cece ni shi ne sashen da ke kusa da ƙarshen rahoton, inda asembula ke faɗin ma'ajiyar da ya ɗauko kowane makro. In ba SASMMAC2, ma'ajiyar Toolkit ta asali, na gani ba, sai in nemi mai shirin mu yi magana.

Ba kuma kowane sabon faci nake rungumar sa ba. IBM kan gano cewa wani PTF ɗin shi kansa yana da kuskure, ta sa masa alamar PE a cikin HOLDDATA, jerin gargaɗin da take fitarwa kan faci, don haka ina karɓo sabon HOLDDATA in gudanar da REPORT ERRSYSMODS, umarnin SMP/E da ke jero faci masu kuskure, kafin in taɓa komai.

Cire layin STEPLIB ɗin ya ɗauki lokaci, domin masu shirye-shiryen sun ji tsoro, kuma suna da hujja. Muka sake haɗa shirye-shiryensu da asembulan yanzu, muka kwatanta abin da ya fito da na da, kashi bayan kashi, suka sa hannu. Wani sashe guda ya roƙi a bar masa tsohon har ya gama wani aiki. An bar masa, amma yanzu kwafin yana da lambar PTF a rubuce, da sunan sashen da ke riƙe da shi, da watan da za a goge shi, kuma matashin nan ne ke duba shi duk wata.