Sana'ar feshi da jirgi mara matuƙi a fadamun Kebbi

Kamfanina ƙarami ne: shago ɗaya a Birnin Kebbi, da a-kori-kura ɗaya, da 'yan jirage marasa matuƙa da muke feshi da su a gonakin shinkafa. Yawancin masu kiranmu manoman rani ne na wajen Argungu da Augie da Suru da Bunza, wani lokaci har Yauri. A takarda an rubuta mu cikin masu hidimar noma. Ni kuwa a ganina muna cikin sana'ar jiragen sama ne, ko da a can ƙarshen layi muke, kuma lokaci ya yi da jiharmu za ta ɗauki wannan fanni a matsayin sana'ar da ake kafawa a gida.

Aikinmu na sassafe ne. Da an sallame asuba mun kama hanya, domin iska ce babbar abokiyar gabarmu, kuma da hantsi ya ɗaga takan tashi. In mun isa gona, yaro ɗaya zai bi iyakarta da na'ura a hannu yana sa alama, ya nuna inda bishiya take, da inda wayar lantarki ta ratsa, da bukkar mai gadi. Da wannan taswira jirgin ke aiki, yana bin layi-layi da taimakon siginar tauraron ɗan'adam, kamar mita biyu zuwa uku a saman shuka. Irin namu na kamfanin DJI ne, tankinsa na ɗaukar lita 30. Iskar farfelarsa kan buɗa ganyen shinkafa ta tura maganin har ƙasan kara, inda tsutsa ke ɓuya. Batiri ɗaya ba ya wuce kamar minti goma in tanki a cike yake, don haka janareta na ruri a bakin gona, ana cire wannan ana sa wancan. Mai tuƙi ba ya ɗauke ido daga jirgi, mai haɗa magani kuma ba ya cire safar hannu da takunkumi, ko da zafi zai kashe shi.

Wanda bai taɓa goya famfon feshi mai lita 16 ya shiga taɓon fadama ba, ba zai gane dalilin da ya sa manoma ke nemanmu ba. Mutum zai wuni yana nitsewa har gwiwa, yana tattake shuka, magani na ɗiga masa a gadon baya, ya koma gida kansa na sarawa. Abin da zai ci masa wuni guda, jirgi kan gama shi kafin a karya kumallo, da ruwa kaɗan ƙwarai. Amma ba kowace gona muke karɓa ba. Gonakin mutanenmu ƙanana ne, a manne da juna, sai an haɗa maƙwabta da yawa kafin fitar ta biya kuɗin mai. Kuma in ana son maganin ciyawa a gonar da ke jikin albasa ko tattasan wani, ba na yi, domin iska kaɗan ta isa ta kai shi inda ba a aike shi ba. Haka kusa da tafkin da masunta ke kamu. Wani dattijo a wajen Augie ya tsaya ya kalli jirgin har ya sauka, sannan ya ce da ni, "Ɗana, wanga abu ya yi kyau. Amma ran da ya lalace, wa ka gyara muku shi?" Na ce, "Baba, mu ne dai." Ya girgiza kai ya ce Allah ya taimaka.

Tambayar dattijon nan ita ce rabin sana'ar. Feshi na 'yan watanni ne, gyara kuwa na duk shekara. Ƙurar hunturu na shiga injinan farfela ta cinye su a hankali. Zafin Afrilu da Mayu na kumbura batura, har sai mun riƙa ajiye su a inuwa muna jira su huce kafin a sake caji. Ruwan fadama da muke haɗa magani da shi na ɗauke da laka, sai ya toshe bakin feshi in ba a tace shi sau biyu ba. Kusan duk abin da ya lalace daga ƙasar Sin ake kawo madadinsa, ya sauka Legas ko Kano kafin ya iso mu. Ƙaramin famfo da bai kai tafin hannu ba zai iya zaunar da jirgi makonni, alhali tsutsa ba ta san ana jiran kaya ba. Tun da aka saki farashin dala a 2023 kuɗin batiri ya zama abin da sai an yi shawara da iyali kafin a saya. Kuma ba zan iya ɗora duk wannan a kan manomi ba, shi ma da bashin taki da man injin ban-ruwa a wuyansa.

Dole ce ta sa muka fara koyon yin wasu abubuwa da kanmu. Yaran shagona biyu daga gyaran waya suka zo, hannunsu ya saba da liƙa siririyar waya da darma. Akwai mai walda a unguwarmu da ke yi mana ƙafafun ajiye jirgi da akwatin ɗaukar batura, akwai kuma mai naɗin waya da ya iya farfaɗo da ƙaramin injin da a da sai dai mu yar. Basira ba ita ce ta yi mana ƙaranci ba. Abin da na fi shan wahalar koyarwa shi ne ɗabi'ar aikin jirgi. A gyaran babur, in noti bai zauna daidai ba ana iya cewa a lallaɓa a kai gida. Abin da ke tashi sama da guba lita 30 a cikinsa ba a lallaɓa shi. Kowane jirgi da littafinsa: yaushe ya tashi, minti nawa ya yi, me aka canza, wa ya canza, wa ya duba bayansa. Farfela mai tsaga ko kamar gashi ce, cire ta ake yi. Sabon yaro kan ce, "Maigida, ai za ta ƙara kwana biyu." Sai in miƙa masa littafin in ce ya sa hannu a kan haka, kuma har yau ba wanda ya sa.

Mutane kan ɗauka maganar masana'antar jiragen sama ta manyan ƙasashe ce, ba ta jihar da aka sani da shinkafa da kifi da albasa ba. To amma a duba yadda rayuwar Kebbi ta riga ta rataya a sama. Muna da filin jirgi na Sir Ahmadu Bello a Ambursa, inda alhazanmu ke tashi, kuma daga nan ne Mataimakin Shugaban Ƙasa Kashim Shettima ya ƙaddamar da jigilar alhazan Najeriya ta 2024. A Birnin Kebbi Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Banki a Nuwamban 2015, daga nan noman shinkafa ya bunƙasa, manyan injinan casa na Argungu da Birnin Kebbi suka samu abin ci. Shinkafar nan kuwa tana da maƙiyin da ba a iya masa daga ƙasa, wato tsuntsayen jan-baki. Duk wanda ya ga garkensu ya sauka a gonar da ta fara nuna ya san gwangwani da majajjawar yara ba sa hana komai, sai dai su hana yaran zuwa makaranta. Maganinsu shi ne a gano inda suke kwana a cikin kachalla, jirgin feshi ya bi su da magariba. Ambaliyar 2020 da ta shanye gonakin shinkafa a jihar nan ita ma daga sama aka fi ganin faɗinta, a hotunan tauraron ɗan'adam. Duk waɗannan hidimomi kuɗi ake biya a kansu, kuma kusan duk kuɗin fita yake yi daga jihar.

Akwai jihar Kansas a Amurka, ƙasar alkama ce da shanu, nesa da teku kamar mu. Clyde Cessna ɗan manoma ne a can, ya kafa kamfaninsa na ƙera jiragen sama a birnin Wichita a 1927, Beechcraft ya biyo baya a 1932, har garin ya zama inda ake ƙera gangar jikin Boeing 737 a ɗora a jirgin ƙasa zuwa jihar Washington. Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne ɗimbin ƙananan shaguna da ke kewaye da manyan kamfanonin, wani ƙusa kawai yake yi, wani fenti, wani gwajin ƙarfe, kowa da ma'aikatansa. Burazil ta fi kusa da halinmu. Makarantar injiniyoyin jirgi suka fara kafawa a 1950, kamfanin Embraer bai zo ba sai 1969, kuma cikin jiragensa na farko akwai Ipanema, jirgin feshin gona, wanda daga baya aka yi masa injin mai shan man da ake tatsa daga rake. Yau jiragen fasinja na Embraer na yawo a sararin Najeriya, Air Peace na da su. Shekara 19 suka yi suna tara ƙwararru kafin su buɗe masana'anta, kuma buƙatar manomansu na cikin abin da suka fara dubawa.

Mu ma ba daga sifili za mu fara ba. Kwalejin koyon tuƙi da gyaran jirgi ta Zariya tana nan tun 1964. A Kaduna aka harhaɗa ƙananan jiragen Air Beetle da sojojin sama suka yi koyon tuƙi da su a shekarun 1990. Injiniyoyin sojan sama sun fito da jirgi mara matuƙi mai suna Gulma a 2013, sannan Tsaigumi a 2018. Hukumar sararin samaniya ta ƙasa, wadda aka kafa a 1999, ta harba tauraron ɗan'adam NigeriaSat-1 daga Rasha a 2003, kuma NigeriaSat-X na 2011 injiniyoyinmu ne suka haɗa shi a Ingila. Duk wannan ilimi yana nan, mafi yawansa tafiyar wuni guda daga Birnin Kebbi. Abin da ya rage shi ne hanyar da zai bi ya sauko teburin gyara irin nawa.

Ba na mance halin tsaro. Jirgi mara matuƙi a hannun mugu makami ne, kuma mun ga yadda aka hana shawagin jirage a Zamfara a Maris na 2021. Shi ya sa ba na ƙorafi a kan neman izinin hukumar kula da sufurin jiragen sama da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Kafin mu tashi a kowane gari sai mun gaida hakimi ko maigari, mun sanar da jami'an tsaron wurin, kuma akwai yankunan da ko nawa za a biya ba ma zuwa. Jiha da ta san masu wannan sana'a ɗaya bayan ɗaya, da lambar kowane jirgi, ta fi wadda ta kawar da kai samun kwanciyar hankali.

Abin da nake roƙo bai kai gina masana'anta ba. A fara da rajistar masu aikin a jihar, a san mu nawa ne. A ɗauki nauyin wasu yaranmu duk shekara zuwa Zariya su koyo gyaran jirgi da lantarkinsa, ba tuƙi kaɗai ba, da sharaɗin su dawo su yi aiki a gida. Kwalejin Waziri Umaru da jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero su buɗe gajerun kwasa-kwasai na gyaran batiri da injinan farfela da karanta taswirar gona, mu kuma masu shaguna mu karɓi ɗaliban su yi koyon aiki a wurinmu. A keɓe ɗan fili kusa da Ambursa mai tsayayyar wuta, inda masu walda da masu sassaƙa ƙarfe za su zauna wuri ɗaya da na'urorin awo na haɗin gwiwa, domin ba wanda zai iya sayensu shi kaɗai. In aka ba da kwangilar yaƙi da jan-baki, a sa ƙananan kamfanonin gida su yi aikin gano makwancinsu kafin babban jirgi ya taso, hakan zai rage asarar mai da magani. Ni a nawa ɓangaren na riga na rubuta kayan da zan daina odarsu daga waje da zarar an samu mai yin su a nan da awo daidai: matatar ruwa, da tiyo da mahaɗansa, da murfin tanki, da ƙafafun sauka. Farfela da batiri za su daɗe suna zuwa daga Sin, amma waɗannan huɗun na kai samfurinsu wurin wani mai injin sassaƙa a Jega, mun yi da shi zai gwada matatar kafin shukar rani mai zuwa.