Bayan Aikin Gira: Abin da Mai Jinya Zai Riƙe daga Daren Farko zuwa Wata Shida

Ƙannena, ku da ake cewa ku ɗauko babur ku kai Inna ko Gwaggo a yi mata aikin gira, da ku nake. Na daɗe ina wannan aiki a ƙauyukan Jigawa da gefen Kano, kuma kurakuran da suka fi ci mini rai a baki na yi su: abin da ya kamata in faɗa wa mai jinya na bar shi, ko na faɗa a gurguje ina duban layin da ke jira. Su nake so in biya a nan, domin da zarar an fita daga ɗakin aiki, idon yana hannunku.

Ku fara sanin abin da aka yi mata. Gira daga amosanin ido take farawa, shi kuma ƙwayar cuta mai suna kilamidiya ce ke kawo shi, tana yawo tsakanin yara ta yatsa, ta gefen zanen da ake share musu fuska, da ta ƙudan da ke sauka a kan kwantsa. Idan ta yi ta kama mutum tun yana ƙarami, cikin fatar ido ta sama sai ya yi tabo. Tabon yana tsukewa kamar fatar akuyar da ta sha rana, ya jawo bakin fatar ciki, gashin ido ya koma yana karce baƙin ido a duk ƙiftawa. Mata sun fi maza kamuwa saboda su ke tare da yara. A wurin aiki ana yin allurar kashe zafi, a tsaga ɗan taurin nan mai kama da guringuntsi da ke cikin fatar, a juyo bakinta waje, a riƙe da ɗinki, yawanci guda uku. Kamar minti 20 ne a ido ɗaya, kuma ba a taɓa ƙwayar idon.

Kuskurena na farko shi ne ban riƙa cewa ƙarara aikin nan ba ya dawo da ganin da ya riga ya tafi ba. Yana tsayar da karcewa ne. Wasu ganinsu kan ɗan ƙaru, saboda hawaye da tsoron haske sun ragu, amma hakiyar da ta riga ta zauna a baƙin ido tana nan, yanar ido kuma aikinta daban ne. Tsohuwar da ta sa ran za ta zura zare a allura washegari, idan ba ta samu ba, sai ta ce aikin bai yi ba, ta daina sa magani, ta kuma hana maƙwabciyarta zuwa. Ku faɗa mata gaskiya tun a hanya.

Ranar aiki za a rufe idon da auduga da filasta. Kada a ɗaga don a leƙa, ko da 'yan dubiya sun cika ɗaki suna son gani. Idan ido biyu aka yi, ba ta gani ko kaɗan har gobe: a riƙe hannunta zuwa bayan gida, a kawar da murhu da turmi daga hanyarta, a babur kuma a sa mutum na uku a bayanta ko a nemi mota. Allurar kan saki bayan awa ɗaya zuwa biyu, daga nan zafi zai taso. Farasitamol mai 500, ƙwaya biyu, tsakanin sha da sha awa shida, kada a wuce ƙwaya takwas a yini da kwana. Asfirin da haɗe-haɗen maganin ciwon jiki na masu tebur a kasuwa a bar su, wasunsu na tsinka jini. Wadda likita ya ɗora a kan asfirin saboda zuciya, ko mai hawan jini, ko mai ciwon suga, a sanar da ma'aikaci kafin a fara, kada a yanke maganin da ka. Ta kwanta rigingine, kai a kan matashi biyu, cikin gidan sauro ko da rana, don ƙuda.

Ɗan jini da ya ɓata audugar ba komai ba ne. Jinin da ya jiƙa ta yana gangarowa kumatu, shi ne abin tashi tsaye: a ninka tsumma mai tsabta a ɗora a kan bandejin, a danna a hankali ta wajen ƙashin gira, minti goma cur ba ɗagawa, ba a luma yatsa cikin ƙwayar ido ba. In bai tsaya ba, a koma, ko tsakar dare ne.

Maganar sallah na daɗe ina barinta ga kowa ya yi yadda ya gani, shi ma kuskure ne, domin Inna ba za ta tambaye ni ba, za ta kwarara ruwa a fuska ne kawai. Malamanmu sun yi bayanin shafa a kan bandeji ga mai rauni, da yin nuni ga wanda sujada za ta cutar. A tambayi liman tun kafin ranar. Sunkuyo mai tsawo a kwana biyun farko yana tara jini a kai, ya ƙara kumburi. Bayan an cire bandeji, a wanke fuska a tsallake fatar idon har sai an cire zare.

Komawa uku ce: washegari, sai tsakanin kwana 7 zuwa 14, sai tsakanin wata uku zuwa shida. Ta washegarin ce mutane suka fi rainawa, ita ce kuma ba ta da madadi. A ranar ake ganin ko juyin ya yi daidai. In gashi na taɓa ido har yanzu, ko fatar ta juye waje fiye da kima, ana iya gyara ɗinkin nan take tun naman bai kama ba. Bayan mako biyu wannan ƙofar ta rufe. Shekaru ina cewa "ku dawo bayan mako guda," alhali a ƙauye ba da kalanda ake lissafi ba. Ku nemi a faɗa muku ranar da sunanta, ku ɗaure ta da ranar kasuwa: mutumin yankin Maigatari ya ƙirga da Alhamis, na Wudil da Juma'a, na Dambatta da Lahadi. Ku rubuta da gawayi a jikin bango. Ku kuma tambaya wane zare aka sa. Baƙin zaren siliki dole a cire shi, mai narkewa ba a cirewa, amma shi ma sai an koma an duba. Siliki da aka bari ya wuce lokacinsa yana jawo ruwa da tsiro, kuma cire shi a gida da reza yana barin guntu a cikin nama.

Sa man ido, wato tetarasaikilin mai kashi 1 cikin ɗari, nan ne aka fi yin ɓarna, kuma laifina ne da nake miƙa bututun ba tare da na sa mai jinya ya gwada a gabana ba. A wanke hannu da sabulu. A tafasa ruwa a bar shi ya huce a rufe. A tsoma auduga, a share kwantsa daga wajen hanci zuwa wajen kunne, shara ɗaya a jefar da audugar, kowane ido da tasa. Sannan ta kalli sama, a ja fatar ƙasa da yatsa ɗaya, a matsa mai kamar tsawon ƙwayar shinkafa a cikin aljihun da ya buɗe. Fatar ƙasa na ce. Ta sama ita ce mai ɗinki, wanda ya ɗaga ta yana neman wurin sa magani yana warware aikin ne da hannunsa. Bakin bututun kada ya taɓa ido ko yatsa, a rufe a ajiye a inuwa don zafi na narkar da shi, kuma ba a ara wa jika. Gani zai dushe na 'yan mintuna, man ne. Yawanci safe da dare ake cewa, wani lokaci har mako shida, a bi adadin da aka faɗa ko da ido ya yi fes. In an ba da azitiromaisin, maganin sha mai kashe ƙwayar cutar, giram ɗaya ne ga babba, sha ɗaya, a sha a gaban ma'aikaci.

Kumburi kan kai ƙarshensa a kwana na biyu ko na uku, fatar ta yi baƙi-baƙi kamar an naushi mutum, sai ya fara sauka. A nan hannun tsofaffi ke ƙaiƙayin gashi da ruwan zafi. A hana. Zafi yana buɗe jijiyoyin jini a sabon rauni. In ana son sauƙi, tsumma mai tsabta da ruwan da aka tafasa ya yi sanyi, a ɗora minti goma ba dannawa. Kwalli, nonon mai shayarwa, ruwan albasa, ruwan suga, tofi da yawu a cikin ido, babu ɗaya da zai shiga. Haka maganin ɗigon kemis da ake saye don jan ido: da yawansu akwai sinadarin sitiroyid, yana kwantar da ja da sauri, amma in akwai gyambo a baƙin ido yana hura shi, in an daɗe ana sawa kuma yana iya tayar da hawan jinin ido.

Aikin gida kuwa, mako biyu ba daka, ba surfe, ba sussuka, ba shiƙa, ba hura wutar kara, ba shara. Na san gidan da Inna ce ke riƙe da tukunya wannan magana tana da nauyi, shi ya sa ake shirya wadda za ta karɓe ta tun kafin a tafi. Ƙaiƙayin gero guda ɗaya ya isa ya sa ta murza ido da bayan hannu. Da hunturu a ƙara da baƙin tabarau ko mayafi mara nauyi a duk fita.

Alamomin da ba a kwana da su: zafi da ke ƙaruwa maimakon raguwa bayan kwana biyu, mugunya mai ruwan ɗorawa daga ɗinki, kumburi mai zafi da ke yaɗuwa zuwa kumatu tare da zazzaɓi, gani da ya ragu fiye da kafin aiki, ko sabon farin ɗigo a baƙin ido. In wanda ya yi aikin ya tashi daga garin, a tafi sashen ido na babban asibiti mafi kusa, ko asibitin Rasheed Shekoni a Dutse, ko asibitin ido na ECWA da na Murtala a Kano, da katin aikin a hannu.

Sauran abin da ke daɗewa shi ne na fi yin shiru a kansa a da, ina tsoron kada in firgita mutane, ashe rashin faɗar ne ke firgita su. Bakin fatar zai ɗan leƙo waje, jan cikinsa na bayyana. Da gangan aka yi haka, saboda yana komawa kaɗan yayin warkewa, cikin makonni yakan daidaita. Fatar kan yi nauyi ko ta mutu kamar ba tata ba, hawaye kan ci gaba, wani lokaci kuma ido ya bushe yana jin yashi, domin tsohon tabon ya riga ya lalata wuraren da ke jiƙa ido. Ga wannan akwai maganin ɗigo na jiƙa ido kawai, ma'aikacin ido ne zai rubuta. Wasu kuma bakin fatar kan warke da ɗan lanƙwasa ko gibi. Ƙarami ba ya cutarwa, babba ana gyara shi. Abin da nake so ku duba da kanku: idan ta yi barci, ku haska tocila daga gefe. In fatar ba ta haɗe ba, ana hango ido a buɗe, baƙin idon zai bushe cikin dare ya yi gyambo. A cika shi da man ido kafin kwanciya, a kai ta da safe.

Akwai kuma tsiron nama ja, mai taushi, da kan fito a cikin fatar bayan makonni ko 'yan watanni, yana kawo kwantsa, wani lokaci da ɗan jini. Mai gani sai ya ce ciwon daji ne ko jifa. Naman warkewa ne ya yi yawa, sau da dama saboda guntun zare da ya maƙale. A asibiti maganin kashe zafi ake ɗigawa a yanke shi cikin mintuna. Kada a kai wa wanzami, kada a ɗaure shi da zare.

Gira tana iya dawowa ko da aiki ya yi kyau, domin tabon da ya kawo ta bai daina tsukewa ba. Sau ɗaya a wata ku zaunar da ita a haske, ta kalli gaba, ku duba ta gefe ko akwai gashin da ya kwanta a kan ido, ku duba har wanda ba a yi wa aiki ba. Gashi ɗaya ko biyu a lungun ido ma'aikaci kan yarda a riƙa cirewa da matsefata mai kyau: a kama daga tushe, a ja a miƙe ba fizga. Yakan sake fitowa cikin mako huɗu zuwa shida. Wanda aka yanke da almakashi ko ya karye a tsakiya ya fi na da cuta, guntun kamar ƙaya yake. In sun yi yawa ko suna tsakiya, sai aiki na biyu, wanda ya fi na farko wuya saboda fatar ta gajarce, don haka a nemi wanda ya fi ƙwarewa.

Komawar ƙarshe ku auna ta da yanayi. Wadda aka yi wa aiki da hunturu, wata shidanta zai faɗo cikin damina, lokacin da ruwa ke yanke hanyoyi a wajen Auyo, Miga da Hadejia, kowa kuma yana gona. Ku kai ta a wata na uku ko na huɗu, tun hanya tana bushe. Ranar ku tafi da jikokin da ke kwana a ɗakinta, a juya fatar idonsu su ma a duba.