TARIHIN RAYUWATA, kashi na 14: Lambuna a garin Ames

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da sake haɗuwa. Makon jiya mun tsaya ne a inda Maigida ya shiga shekararsa ta biyu a jami'ar jihar Iowa da ke garin Ames a Amurka, ni kuma ina gida da yara ina ƙirga motocin da ke wucewa ta taga. To yau zancen lambu ne, amma dole sai na fara da sanyi don a garin Ames sanyi ne ke da iko da komai, shi ke cewa a shuka shi ke cewa a tashi.

Ƙarshen Janairun 2019 aka yi wani sanyi da har su ƴan garin da aka haifa a ciki sai da suka yi ta salati irin nasu. Iska ce ta taso daga can ƙarshen arewacin duniya ta sauko mana, aka rufe makarantu, ranar 30 ga wata ko wasiƙa ba a raba ba, a talabijin ana ta gargaɗi wai mintuna kaɗan a waje sun isa fatar mutum ta daskare. Su da ma'aunin Fahrenheit suke aiki, 32 nasu shi ne sifili namu, to ranar an gangara ƙasa da sifilin NASU ma da nisa. Na kira Inna a Zariya tana ce min wai suma hunturu ya matsa musu bana har sun kwana da garwashi a ɗaki, nace Inna Allah ya kawo sauƙi, me zan ce?

A cikin wannan zaman kulle ne tsohuwar da ke gidan kusa da mu, wadda yarana ke kira Kaka, ta shigo min da wani littafin tallar iri mai hotuna, tumatur kala-kala har da baƙi da ruwan ɗorawa. Nace Kaka dusar ƙanƙara ta kai gwiwa a waje kina zancen tumatur? Tayi dariya tace ai yanzu ne lokacinsa ƴata, wanda ya jira sai ya ga rana ya makara. Ita ta nuna min yadda ake karɓar hayar ɗan fili a lambun unguwa, kuɗi kaɗan ne a shekara, ga famfo a gefe, kowa da nasa fangalin.

Abin da na fahimta a hankali shi ne mu a gida ruwa manomi ke jira, da an yi ruwan shuka shikenan a ɗauki fartanya. A nan ruwa ba shi ne matsala ba, lokaci ne. Daga raɓar ƙanƙara ta ƙarshe, wajen ƙarshen Afrilu zuwa farkon Mayu, zuwa ta farko a farkon Oktoba, wata biyar ne da ƴan kwanaki, duk abin da za ka yi a ciki za ka yi shi. Shi ya sa attaruhu da tattasai tun Maris ake yaɗa irinsu a cikin gida a ƴan kofunan roba ƙarƙashin fitila, attaruhu kuwa ga nawa wajen tsirowa, sai ka fidda rai sannan ya leƙo. Teburin cin abincinmu ya koma wurin renon dashe, Maigida yana cin tuwon semo a kan kujera yana gunaguni, shi da ke karatun harkar noma fa!

Dokar Kaka guda ce, ba a fitar da tumatur waje sai bayan Ranar Uwa, wato Lahadi ta biyu a watan Mayu. Latas da albasa da kabeji su suna jure sanyi ana sa su tun Afrilu, amma kuɓewa ko a tsakiyar Mayu tace in ƙara haƙuri sai ƙasa ta yi ɗumi in ba haka ba irin ruɓewa zai yi. Shekarar kuwa ruwa ya yi yawa, tun Maris kogin Missouri ya yi ambaliya a yammacin jihar, manoman masara da yawa suka makara da shuka, filina ya zama taɓo. Ga azumi ya kama tun 6 ga Mayu, azumin sama da awa 16, sai bayan la'asar nake lallaɓawa in yi dashe in dawo in ɗora girki, rana tana nan a sama har bayan takwas na dare kamar ta manta hanya.

Amma ƙasar fa, wallahi ban taɓa ganin irinta ba. Baƙa ƙirin, mai laushi, ka haƙa ka haƙa ba ka kai ja ba. Maigida yace dubban shekaru ciyawa ce dogaye ke fitowa a wurin tana mutuwa tana ruɓewa kafin a zo a mayar da shi gonaki, shi ya sa Iowa ta fi kowace jiha a Amurka noman masara. Kuma wannan masarar ce ke ƙara mana wahala a Yuli, don ganyenta na fitar da ruwa cikin iska, sai zafin ya zo da gumi mai danƙo, ni da na taso a zafin Afrilun Zariya sai da na nemi fanka. Kuɓewa kam daɗi ta ji, kwana biyu ban je ba sai in tarar ta ƙosa ta zama itace, na yanka na shanya wata na cika firiza da wata.

Alayyahu ne ya kusa haɗa ni faɗa. Wani dattijo mai fili kusa da nawa, tsohon manomi ne ya yi ritaya, ya tsaya a kaina fuska a murtuke yace me ya sa na bar wannan mugun haki ya girma har zai yi iri? Ashe dangin alayyahu ne manyan abokan gabar manoman masara da waken suya a can, akwai ma wanda maganin feshi baya kashe shi. Nace Baba miya ce wannan, shukawa nayi. Bai yarda ba sai da na kai masa faten da nayi da shi da yakuwa, ya ci ya yi shiru, yace to amma dan Allah ki riƙa yanke kan kafin ya zubar da iri. Na riƙe masa wannan alƙawarin don gaskiyarsa ne. Zomaye da barewa kuma ba a magana, sai da muka zagaye filin da waya, ga wasu ƙwari masu ƙyalli kore-kore da ke mayar da ganyen kuɓewa rariya, da sassafe nake kakkaɓe su cikin ruwan sabulu.

Yakuwa ita ce ta ƙona min rai. Ta yi tsawo har ƙirjina, ganye jibgi, na riga na gama yi wa matan masallaci alƙawarin zoɓo na gona ta. Yuli ya wuce babu fure, Agusta ya wuce babu fure, na ƙara taki na rage taki duk a banza. Sai Maigida yace ai ba laifin taki bane, ita yakuwa sai rana ta gajarta take fure, mu a gida dare da rana kusan kai ɗaya suke duk shekara, nan kuwa a Yuni rana na haura awa 15, to ita a lissafinta lokaci bai yi ba. Sai a Satumba ta fara fitar da ƴan furanni, na riƙa zuwa ina duba su kullum, Kaka ta ba ni tsofaffin zannuwan gado ina rufe su da daddare duk ranar da aka ce sanyi zai sauko. Wata safiya a Oktoba na je na tarar komai ya yi baƙi ya langaɓe, kuɓewa, attaruhu, yakuwar, dare ɗaya. Abin da na tsinta na zoɓo bai cika kofi ba. A shagon ƴan Meziko na sayo busasshe, su ma ashe suna sha, na dafa na kai masallaci nace ga alƙawari, ban yi ƙarin bayani ba kuma babu wadda ta tambaya.

Kabejin Kaka da karas ɗinta kuwa ko a jikinsu, wai ma sanyin zaƙi yake ƙara musu. Tafarnuwa ma a Oktoban ta sa na binne, tace ta kwana ƙarƙashin ƙanƙara sai Yuli a tone.

Shekara ta gaba na shirya sosai, na sa yakuwa a manyan bokitai don in riƙa shigar da ita gareji, lambu ya yi kyau fiye da na bara, sai ranar Litinin 10 ga Agustan 2020 da hantsi sama ta yi duhu jiniyar gari ta fara kuka, ina lambu, yara suna gida su da babbar su, Maigida yana makaranta. Wannan sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, yau hannuna ya gaji. Masu tambayar yadda nake busar da kuɓewa ba rana ku yi haƙuri zan haɗa da shi.