Ranar da Muka Sallami Yara Hutun Ƙarshen Shekara

Alhamis, da daddare.

Yau aka rufe makaranta. Tun kafin kiran assalatu ɗakunan kwana suka kaure da hayaniya, ana jan akwatunan ƙarfe, ana naɗe katifu da igiya, mai neman bokitinsa na nema, mai bin bashin sukari na bi. An yi ruwa cikin dare, filin asambuli ya jiƙe sharkaf, sai aka mayar da taron babban ɗakin cin abinci. Yara suka kwashe tebura, suka jera bencina, aka shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburin kyaututtuka.

Ni kuwa kwanan zaune na yi a kan katin sakamako. Ni ne fom masta na aji biyu na babbar sakandare, ɓangaren kimiyya. A nan kowane darasi maki 40 ne na gwaje-gwajen cikin zango da aikin gida, 60 na jarrabawa, sannan a haɗa zanguna uku a fitar da matsakaici. Lissafin ba ya ba ni wahala. Abin da ke cin lokacina shi ne ɗan layin nan na ƙasa, inda fom masta ke rubuta ra'ayinsa a kan yaro. Akwai masu rubuta wa kowa abu guda su wuce. Ni ba na iyawa, domin na san akwai gidajen da wannan layin kaɗai za a sa wani ya karanta ya fassara wa uba, kuma da shi za a auna yaron har hutu ya ƙare.

Wajen ƙarfe goma aka buɗe taro da addu'a. Firinsifal ya yi jawabinsa, ya tuna wa yara cewa kwalejin da aka buɗe a Katsina a 1921, wadda daga baya ta zama Barewa a Zariya, ita ta yaye Sardauna da Abubakar Tafawa Ɓalewa, kuma su ma a ɗakin kwana suka zauna, suka yi shara, suka bi layin abinci. Duk shekara sai ya faɗi wannan, ni kuma ban taɓa gajiya da ji ba, saboda 'yan aji ɗaya yau suka fara jin sa, na ga yadda suka natsu.

Daga nan aka shiga rabon kyaututtuka. Na ɗaya zuwa na uku a kowane aji, ƙamus da litattafan rubutu da akwatin kayan lissafi. An kira yaron da ya wakilce mu a musabaƙar Alƙur'ani ta ƙaramar hukuma, da ya tashi ɗakin ya ɗauki kabbara. Gidan da ya ci kofin ƙwallo suka ɗaga kyaftin ɗinsu sama har sai da sajan ya daka musu tsawa. Sai miƙa muƙamai: tsohon shugaban ɗalibai, wanda saura 'yan takardu ya gama NECO, ya cire bajonsa ya maƙala wa sabon. Kitso da tsefe babu a makarantar maza, amma hawaye akwai. Na ga siniyoyin da juniyoyi ke tsoro suna sunkuyar da kai suna goge ido da hula.

Abin da ya sa na ɗauko wannan kundi a gajiye shi ne abin da ya biyo baya.

'Yan ƙungiyar JETS, wato masu ƙere-ƙeren kimiyya, sun shigo da na'urar busar da tumatir da suka haɗa a wannan zangon. Akwatin katako ne mai hawa uku na raga, a gabansa an jingina wani dogon faranti na kwanon rufi da aka shafe da baƙin fenti, aka rufe shi da farar leda mai kauri. A saman akwatin akwai ƙaramar fanka da suka ciro daga matacciyar kwamfuta, tana aiki da ɗan farantin sola wanda bai fi littafin rubutu girma ba. Baƙin kwanon yana shan zafin rana, iskar da ke ƙarƙashin ledar ta yi zafi ta yi sama, ta ratsa yankakken tumatir ɗin da ke kan raga, fankar ta fitar da ita tare da danshin. Ba ƙura, ba ƙuda, ba akuya. Suka zagaya da faranti biyu a gaban baƙi: ɗaya kauɗar da aka shanya a ƙasa yadda aka saba, ta yi baƙi, ana jin yashi a hannu; ɗaya ta cikin akwatin, ja wur da ita.

Wanda ya tsaya ya yi bayanin yaron ajina ne, ɗan wajen Garun Malam, inda ruwan madatsar Tiga ke ciyar da noman rani na Kadawa. Ya tashi yana ganin yadda tumatir ke ruɓewa a bakin titi idan kaka ta yi, kwando ya faɗi warwas. Tunanin na'urar ma daga wurinsa ya fito. Na san yaron nan tun ranar da ya shigo aji ɗaya. Idan ka rubuta masa lissafi da alƙaluma zalla, kafin ka juyo daga allo ya gama. Amma da zarar tambayar ta zo cikin jimlolin Turanci, sai ya tsaya cak. Ba don bai san amsar ba; bai gane abin da aka tambaye shi ba ne. A makarantar da ya fito da Hausa ake koyar da komai, a rubuta Turanci a allo su kwafa. Shekararsa ta farko bai taɓa ɗaga hannu a aji ba, kuma in aka tashe shi ya yi karatu sai 'yan birni su fara murmushi.

Malamin Turancinmu, Allah ya saka masa da alheri, shi ya ɗauki nauyin su, shi da wasu 'yan kaɗan irinsa. Bayan sallar la'asar, lokacin da sauran ke filin ƙwallo, yakan zaunar da su a ƙarƙashin darbejiyar bayan laburare da tsofaffin jaridu. Kowa ya karanta sakin layi ɗaya da ƙarfi, ya faɗi abin da ya fahimta da Hausa, sannan ya sake faɗa da Turancinsa, ko ya karye ko ya miƙe. Babu ko kwabo da ake biyan sa a kan wannan. Ni ma a ajina na koma sa yaron ya fara gaya mini me tambaya ke nema kafin ya taɓa biro.

To yau shi ne ya tsaya gaban firinsifal da baƙi daga ma'aikatar ilimi da iyaye, ya yi bayanin yadda zafi ke tafiya a cikin iska, da Turanci, ba takarda a hannunsa. Muryarsa ta yi rawa da farko. Ya yi tuntuɓe a kalma ɗaya, ya tsaya, ya gyara da kansa, ya ci gaba. Wani baƙo ya tambaye shi me zai faru in hadari ya rufe rana, ya amsa cewa busarwar za ta yi jinkiri amma ruwa ba zai taɓa kayan ba, kuma suna tunanin ƙara ƙaramin batir. Na waiga na kalli malamin Turanci, yana tsaye can baya jikin taga, ya harɗe hannu, bai ce komai ba.

A katinsa yaron ya zo na 19. Bara yana can kusa da ƙarshe. Ba a kira sunansa a teburin kyauta ba, domin teburin na mutum uku ne a kowane aji. Ba na ƙyashin waɗanda suka samu, sun yi karatu, sun cancanta. Amma yawancinsu tun daga firamare suka zo da guzurinsu, wasu iyayensu malamai ne, gidajensu akwai littafi. Idan ana so a san aikin da makaranta ta yi da hannunta a shekara, a wurin irin wannan yaron za a duba, kuma ba mu da ko takardar yabo da muka tanadar masa.

Bayan an tashi mahaifinsa ya same ni a bakin ofis. Dattijo ne, ya zo a kan babur, ƙafar wandonsa duk taɓo. Ya riƙe katin da hannu biyu.

"Malam, ni ban iya wannan karatun ba. Gaya mini gaskiya, ya ci ko bai ci ba?"

Na ce, "Baba, ya ci. Ya wuce aji uku. Kuma a duk ajin babu wanda ya yi tafiyar da ya yi."

Ya ce, "To alhamdulillahi. Da na ji ba a kira shi ba, na ɗauka ko wahalar banza muke yi."

Wannan maganar ta tsaya mini a rai. Na zaunar da shi na yi masa bayanin abin da ke gaba. A jihar Kano 'yan aji biyu suna yin jarrabawar kwalifayin, waɗanda suka ci gwamnati ke biya wa kuɗin NECO. Sannan ko WAEC ko NECO, jami'a na neman kiredit biyar, ga ɗan kimiyya irinsa dole a ciki akwai Turanci da lissafi, bayan makin JAMB da ake aunawa a kan 400. Yara nawa muka gani da sakamako mai kyau a kimiyya, Turanci kaɗai ya tsare su a gida shekara da shekaru? Na ce masa na san damina ce, akwai maimai, akwai zuba taki, ba zan ce a hana shi gona ba. Roƙona ɗaya, a bar masa tsakanin magariba da isha'i. Na ba yaron ɗaurin tsofaffin jaridu da littafin tambayoyin shekarun baya, na ce kullum ya karanta shafi ɗaya da ƙarfi, ko ƙannensa ne za su saurara. Dattijon ya ce, "In Allah ya yarda, Malam. Ni da kaina zan riƙa zaunar da shi."

Sallamar yara yanzu ba kamar da ba ce. Tun abin da ya faru a Ƙanƙara a Disambar 2020, da aka kwashi ɗalibai sama da 300 daga makarantar kwana, ba ma barin yaro ya fita haka kawai. Kowa sai ya sa hannu a rajistar maigadi, na nesa mu haɗa su rukuni-rukuni, malami ya raka su tasha, ya karɓi lambar direba. Ni aka ba 'yan hanyar Tudun Wada da Doguwa, kuma na matsa sai da motarsu ta tashi kafin azahar don kada dare ya yi musu a dajin Falgore. Wajen la'asar babban cikinsu ya kira ya ce sun sauka lafiya.

Da yamma na zagaya ɗakunan kwana tare da sajan. Gadaje sun koma ƙarfe zalla, ga takalmi wari ɗaya, ga cokali, ga wani ya manta da gidan sauronsa. Muka tattara muka kai sito, muka kulle, aka bar ɗaki biyu a buɗe saboda 'yan aji uku da ba su yi kandi ba tukuna.

Gobe akwai taron malamai na ƙarshen shekara da ƙarfe tara. Na rubuta abu biyu da zan gabatar. Na farko, daga baɗi a ware kyauta a kowane aji ga yaron da ya fi kowa matsawa gaba, a kira shi a gaban iyayensa kamar yadda ake kiran na ɗaya. Na biyu, karatun ƙarƙashin darbejiya ya shiga jadawali ga duk sababbin 'yan aji ɗaya, mu raba ranakun a tsakaninmu kada a bar wa mutum ɗaya. Malamin kimiyyar sinadarai ya ce zai mara mini baya, ni kuma na ɗauki Litinin da Laraba.